Kwana Uku Ba Hayaƙi a Birnin Kirya

A shekara ta goma sha ɗaya da hawan Sarki Tankari, ranar wata Laraba cikin tsananin bazara, mutanen Birnin Kirya suka wayi gari ba wanda ya hura wuta. Masu koko ba su dama ba, mahauta ba su yanka ba, zugazugan maƙera suka kwanta shiru. Mata suka kife tukwane a ƙofar gida, aka daka gumba aka raba wa yara.

Wanda bai san Kirya ba zai ce wannan wane irin tawaye ne, mutane su ƙi dafa tuwonsu. To, ga yadda abin yake. Tun zamanin kakanni, in aka naɗa sarki, Sarkin Maƙera ne ke hura sabuwar wuta a maƙerarsa, kowane gida ya je ya ɗebo. Ran da gari ya gaji da sarki, sai a fitar da kowane baƙo, a rufe ƙofofin ganuwa huɗu, a kashe murhu. In aka kai tsakar rana ta uku hayaƙi bai tashi daga gidan talaka ko ɗaya ba, sarauta ta faɗi. Sarkin Dogarai zai ajiye sanda, Yari zai buɗe kurkuku, a kife tambari, sarki ya fita ta Ƙofar Yamma da ƙafarsa. A kwanakin nan ba a zub da jini, ko da umarnin sarki ne. Hayaƙin fada ba ya cikin lissafi. Amma ko bukkar tsohuwa guda ce ta yi hayaƙi, magana ta rushe, ikon sarki ya dawo masa nan take, kuma al'ada ba ta tambayar wanda ya hura.

Za ka ce me ya hana Tankari aika dogari ya cinna wa dannin wani gida wuta? Ai ya aika, har sau uku. Sai dai duk ɗan Kirya ya san wanda ya sa wuta a gidan wani cikin kwanakin murhu, ba a ƙara ba zuriyarsa aure, ba a kuma binne gawarsa cikin gari. Dogari na farko ciwon ciki ya murɗe shi a hanya. Na biyu ya ɓata a cikin garin da aka haife shi. Na uku ya dawo ya faɗi ya ce a yanka shi ya fi masa sauƙi.

Tankari kuwa ya ci a yi masa fiye da haka. Damina uku a jere yana kwashe maza daga gona zuwa ginin sabuwar ganuwar fada, gero ya mutu cikin ciyawa. Da mutane suka fara gudu, sai ya sa aka tattara fartanyoyin gari aka kai maƙera, ya ce a narka a ƙera mari na ɗaure ƙafa. Sarkin Maƙera Tunau, tsoho mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana, ya sunkuyar da kai ya ƙera, kuma abin bai daina cin ransa ba. Babban ɗansa Anaruwa shi ne ya ajiye guduma a gaban manzon sarki, ya ce ba zai ƙara ƙera abin ɗaure maƙwabcinsa ba. Aka sa masa mari, aka jefa shi kurkuku, ya bar matarsa Ladingo da tsohon ciki. Ran da aka kashe murhu, watansa biyu a ɗaure, ita kuma kwananta huɗu da haihuwa.

Ba wannan ne karon farko ba, kuma a nan tsoron yake. A shekara ta shida an taɓa kashe wa Tankari murhu. A rana ta biyu wani mutum da ɗansa ke zazzaɓi ya kasa daurewa, ya hura wuta ya dafa masa magani. Kafin rana ta faɗi, an tsire mutum arba'in a kasuwa. Ƙanen sarki, Ciroma Barmo, wanda ake raɗe-raɗin da hannunsa a ciki, ya tsallake ganuwa ya gudu gabas, ƙasar Zangarma.

Da hantsin rana ta biyu masu tsaron Ƙofar Gabas suka hango ƙura. Kafin a ce me, rundunar Zangarma ta cika fadamar da ke bayan ganuwa, 'yan baka da masu garkuwa, tutocinsu baƙaƙe. A tsakiyarsu ga laimar Ciroma Barmo. Shugaban rundunar, Kacalla, ya aiko jakada. Da yake baƙo ba ya shiga gari a kwanakin murhu, sai masu zaɓen sarki su huɗu suka hau soron ƙofa, jakada yana ƙasa yana ɗaga kai. Akwai Galadima, akwai Madawaki Nomau wanda tsaron Ƙofar Gabas ke hannunsa, akwai Magajiya uwar matan gari, sai Sarkin Maƙera.

Jakada ya yi gaisuwa irin ta manya, ya ce: "Daga Kacalla, bawan Sarkin Zangarma, zuwa ga Galadima, da Madawaki, da Magajiya, da Sarkin Maƙera. Kukan Kirya ya kai gabas, ya shiga kunnen ubangidana, ya hana shi sukuni. Ba mu zo da sarkin da ba ku sani ba. Ga Ciroma Barmo, jininku, wanda aka yanke wa cibiya a cikin ganuwar nan. Ku buɗe mana ƙofa guda. Kafin la'asar kan Tankari yana bisa mashi, ɗaurarru suna cikin iyalinsu, 'ya'yanku sun ci abinci mai zafi."

Magajiya tsohuwa ce ƙarama, haƙoranta sun zube amma kunnenta garau. Ta leƙo ta tambaye shi yaushe rundunar za ta koma gida in an gama. Ya ce wasu kaɗan za su zauna a ƙofofi har sabon sarki ya kafu. Ta tambaye shi wa zai faɗi ranar da ya kafu. Jakada ya gyara rawaninsa, ya ce Kacalla mutum ne mai hangen nesa. Ta sake tambaya ko gaskiya ne ramukan tama na Zangarma sun ƙare, maƙeransu na sayen ƙarfen Kirya a ɓoye. Sai jakada ya juya wajen Tunau, ya sassauta murya, ya ce labarin Anaruwa ya kai musu, kuma Kacalla ya ware mutum ɗari waɗanda ba su da aiki sai fasa kurkuku.

Suka sauko cikin zauren ƙofa suka zauna. Madawaki Nomau ne ya fara magana, kuma kada kowa ya ce mugun mutum ne. Shi da Tunau tare aka yi musu kaciya, shi ne ya kai goron neman auren Ladingo. A cikin arba'in ɗin da aka tsire akwai wansa.

Ya ce: "Galadima, Allah ya ja da ranka. Na ga wannan rana sau ɗaya, ba na son in sake ganinta. Gida nawa ne a Kirya? A cikinsu akwai mai jego, akwai mai zazzaɓi, akwai wawa, akwai wanda Tankari zai iya saya da rago guda. Mutum ɗaya ya ishe shi. Mun rataya wuyan gari duka a kan haƙurin mafi rauni a cikinmu. Ga mayaƙa a ƙofa, sun zo da ƙafarsu. In mun kore su, hayaƙi ya tashi gobe, wa zai hana a tsire mu? Ni sarkin yaƙi ne. Ban taɓa jin an ci gari da tukunya a kife ba."

Galadima ya yi ta jan gemu yana cewa akwai gaskiya a nan, akwai gaskiya a can, kamar yadda ya saba. Duka suka zuba wa Tunau ido, don kowa ya san ɗan wa ke cikin mari.

Tunau ya ce: "Madawaki, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ka dubi wannan. Tankari ya kashe, ya ɗaure, ya ƙwace, duk da haka yau yana zaune yana leƙen rufin gidajenmu kamar mai jiran hukunci. Me ya sa? Don wutar da yake sarauta da ita daga hannunmu ta fito, ya san za mu iya karɓewa. Sarkin da Kacalla zai ɗora, wa zai ji tsoro, mu ko Kacalla? In ya zalunce mu muka kife tukwane, mutum dubu ne a ƙofofi da ba su san abin da tukunya a kife take nufi ba. In mu muka tuɓe sarki, za mu iya tuɓe na bayansa. In baƙo ya tuɓe mana, mun gama tuɓe sarki a Kirya. Ban yarda a buɗe ba."

Magajiya ta ce bakinta da na Sarkin Maƙera ɗaya. Galadima ya ga inda rinjaye ya karkata ya bi. Ƙofa ba ta buɗuwa sai da yardar huɗun, don haka aka sallami jakada da godiya. Madawaki bai yi musu ba. Ya ce ya ji, ya tashi ya fita.

Da la'asar sarki ya aiko kiran Sarkin Maƙera. Tun daga ƙofar fada ƙamshin gasasshen nama ya tare shi. Raguna ake gasawa a kan katanga, bayi na fifita hayaƙin zuwa cikin gari don yara su ji su yi kuka. Kai, mugunta ma har da ta ƙaranta! Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa yadda aka saba, don har tsakar ranar gobe Tankari sarki ne.

Sarki bai amsa gaisuwar ba. Ya ɗaga yatsa, Yari ya shigo da Anaruwa yana jan ƙafa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Tunau ya dubi marin da ke ƙafarsa ya gane bugun gudumarsa a jiki.

Tankari ya ce: "Sarkin Maƙera, kai ka hura wutar da na hau da ita. Je ka hura maƙerarka yanzu, hayaƙi ya tashi, ka tafi da ɗanka gida, na yafe muku kai da shi. In kuwa hayaƙin ya tashi daga wani gida ba naka ba, kuma zai tashi, don wancan karon ma ya tashi, to wannan ne farkon wanda za a yanka, tun kafin a buga tambari sau uku. Ka zaɓa. Ko ka amince da ni, ko ka amince da duk wawayen garin nan."

Tunau ya nemi izinin magana da ɗansa, aka ba shi. Anaruwa bai tambayi komai ba sai matarsa. Uban ya gaya masa ta sauka lafiya, namiji ne, jibi suna. Anaruwa ya yi murmushi, sannan fuskarsa ta canja, don ya san mai jego ba ta rabuwa da ruwan zafi safe da yamma.

"Baba, ta hura?"

"Ba ta hura ba. Ruwa ake shanya mata a rana."

"To kai ma kada ka hura."

Tunau ya juya ya ce da sarki, ransa ya daɗe, maƙera ta yi sanyi kuma ba ta da niyyar ɗumi. Yari ya rako shi zuwa zaure na waje. Shi ma ɗan gari ne, uwarsa na unguwar marina tana cin gumba kamar kowa. Ya ce masa a hankali, in inuwa ta shige ƙarƙashin turken dandali gobe da tsakar rana, da hannunsa zai kwance Anaruwa ya kai shi har ƙofar gida. In kuwa hayaƙi ya tashi, shi bawan sarki ne, kada a ga laifinsa.

Madawaki yana jiransa a bakin dandali. Da ya ji yadda aka yi, idonsa ya kaɗa. Ya kama hannun abokinsa ya kira shi da sunansa na yanka, abin da ya daɗe bai yi ba, ya roƙe shi ya bari a buɗe ƙofa, ko kuwa ya je ya hura maƙerar ya karɓi ɗansa, gari ya san ta kansa. Tunau ya zare hannunsa ya ce saura dare ɗaya da rabin yini, a daure. Ya wuce gida yana tafiya kamar wanda aka ɗora wa uwar maƙera a ka.

Rana ta uku ta fito tas, ba gajimare ko ɗaya. Tun da sassafe gari ya taru a dandali. A tsakiyar dandalin akwai turken ƙarfe, tsayin mutum, wanda maƙeran farko suka kafa, da inuwarsa ake gane tsakar rana. Magajiya ta shimfiɗa tabarma a gindinsa tana awon inuwar da hannu. Matasa suka hau rufin soraye suna duban kowace unguwa. Ungulayen mahauta, da ba su sami yanka ba kwana biyu, suka tashi suka yi ta kewaya, daga baya suka sauka a kan Ƙofar Gabas. Wasu suka ce alama ce Zangarma za su koma da kunya. Magajiya ta dube su, ta ci gaba da awon inuwa.

Inuwa ta yi ta janyewa. Taƙi biyar, taƙi huɗu. Ba hayaƙi a unguwar marina, ba hayaƙi a ta mahauta, ba hayaƙi a ta masaƙa. Yara sun gaji da kuka sun yi lamo a bayan uwayensu. Mutumin nan da ya hura wuta shekara biyar da suka wuce, shi da kansa ya zo ya zauna a gaban jama'a, ya ɗora hannuwansa bisa gwiwa don kowa ya gani. Sarkin Dogarai yana tsaye a ƙofar fada, ya riga ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya dogara ta a ƙasa. Wallahi an kusa. Duk wanda ya ce maka Kirya ba za su iya ba, ka ce masa ƙarya yake, saura taƙi biyu ne.

A nan aka ji ƙaho daga gabas, irin wanda ba na Kirya ba.

Abin da ya faru shi ne, Madawaki ya kasa jurewa. Tun da asuba wani ya zo masa da labarin wai an ga wata mata a unguwar masaƙa tana tara kara a bakin murhu. Daga baya aka gane kaji take yi wa akurki. Shi dai zuciyarsa ta ba shi cewa hayaƙi na dab da tashi, kuma Anaruwa ne zai fara biya. Ya sauka ya gana da Kacalla ta ƙaramar tagar Ƙofar Gabas, ya sa shi ya rantse mutanensa ba za su kunna wuta a cikin gari ba, ko ta kunna taba. Kacalla ya yi dariya ya rantse. Me zai hana shi rantsuwa? A wurinsa camfin maƙera ne. Madawaki ya sa aka zare sakata.

Rundunar Zangarma ta kwararo ta babbar hanya. Dogaran nan da suka kusa ajiye makamai, da suka ji baƙi sun shigo, sai suka ruga don su tare, saboda hanyar ta ratsa ta unguwarsu, inda matansu da 'ya'yansu suke. Suka hau rufin gidajensu suka yi ta sakin kibau. Mutanen dandali suka ruɗe. Wasu suka ɗauki sanduna suka nufi fada, wasu suka nufi baƙi, ba wanda ya san wane ne abokin gaba. Masu garkuwan Zangarma suka cushe a lungu, ana harbinsu daga sama, gawa na faɗuwa kan gawa. Sai wani ɗan baka daga cikinsu ya yi abin da kowane mayaƙi ke yi in an tsare shi daga rufin ciyawa. Ya naɗa tsumma a kibiya, ya ƙyasta, ya harba.

Magajiya ba ta tashi daga gindin turke ba duk hargitsin nan. Inuwa saura yatsa huɗu. Tana ɗaga kai ta ga baƙin hayaƙi ya miƙe daga unguwar dogarai, ta ɗora hannu biyu a ka. Daga cikin fada aka buga tambari.

Tunau ya ruga. Tsoho mai shekara sittin da wani abu, ya ratsa ta cikin masu da kibau, rawaninsa ya faɗi bai waiwaya ba. An buga na biyu yana ƙofar fada. An buga na uku yana zauren kurkuku. Ya tarar da Yari zaune a ƙasa, takobi a gefensa, ya rufe fuska da hannu. Anaruwa yana kwance a bakin ƙofa ba rai, marin yana ƙafarsa.

Sauran yaƙin bai daɗe ba. Dogarai sun yi iya yinsu, amma unguwarsu na ci da wuta a bayansu, rabinsu suka koma ceton iyali. Mutum ɗarin nan da Kacalla ya yi alkawari sun zo, sun fasa kurkuku kamar yadda aka ce, sun fito da waɗanda suka rage da rai. Sabuwar ganuwar da aka kashe damina uku ana gini ba ta tsare kowa ba, don bayin fada ne suka buɗe ta daga ciki. Aka sami Tankari a bayan rumbu, aka sare shi a nan. Kafin azahar ta wuce kansa yana bisa mashi a ƙofar fada, kuma abin mamaki, ba wanda ya yi guɗa.

Madawaki ya iso kurkuku jina-jina, kibiya ta yage masa kunne. Ya tarar da Tunau ya aika an kawo masa guduma da awartaki, ya durƙusa yana cire marin daga ƙafar ɗansa a hankali, kamar mai gudun kada ya ji masa ciwo. Madawaki ya tsaya a kansa.

"Tunau, don shi na buɗe."

"Na sani, Nomau," in ji Tunau, bai ɗago ba. "Saura yatsa huɗu ne."

Madawaki ya jingina da bango ya sulale ƙasa. Sarkin yaƙin Kirya, wanda ya yi yaƙi tara ba a ga hawayensa ba, ya yi kuka kamar yaro.

Da la'asar aka buga shela kowa ya hallara a dandali. Aka shimfiɗa wa Ciroma Barmo buzu a ƙofar fada, aka naɗa masa rawani. Kacalla yana tsaye a bayansa, dogo, cikin sulke, hannunsa bisa kafaɗar sabon sarki. A kan kowace ƙofa ta ganuwa an riga an kafa baƙar tuta. Galadima ya fara faɗuwa ya yi gaisuwa, ya haɗa da Kacalla a ciki don kada a samu kuskure.

Daidai nan aka fito da makarar Anaruwa za a wuce da ita gida, maƙera huɗu na ɗauke, Tunau na biye da ƙwaryar ruwan da aka ɗebo don wankan gawa. Kacalla ya sa aka tsayar da su. Ya yi ta'aziyya da kalmomi masu kyau, ya ce yaƙi ba ya rasa irin wannan. Sannan ya ce ya ji Kirya na da al'adar sabuwar wuta ga sabon sarki, kuma shi mutum ne mai girmama al'adar mutane. Ya tafa hannu, aka kawo kasko cike da garwashi.

Ya ce: "Sarkin Maƙera, wannan wuta daga murhun Sarkin Zangarma aka ɗebo ta, kwana goma sha biyu muna riƙe da ita a hanya ba ta mutu ba. Kyauta ce daga ubangidana. Karɓi ka hura maƙerarka, jama'a su ɗiba, yara su ci tuwo."

Mutane na jin yunwa, ba ƙarya, kwana uku ba su sa abu mai zafi a baki ba. Tunau ya ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ya zaro awartakin da ya cire mari da shi, ya ɗauki garwashi mafi girma, ya ɗaga shi kowa ya gani. Sannan ya tsoma shi cikin ruwan wankan ɗansa. Ya ɗauki na biyu ya tsoma, ya ɗauki na uku, har kaskon ya zama ba komai sai toka.

Kacalla ya ɗaga gira, ya ce baƙin ciki ne ya taɓa tsohon, a kawo wani kasko, suna da wuta da yawa. Sannan ya juya ga Ciroma. Ya duba ya ga sabon sarki ba tsohon yake kallo ba, rufin gidaje yake bi da ido, unguwa bayan unguwa. Lokacin ɗora tukunyar tuwo ne. In ban da tokar unguwar dogarai da ke ɗan turiri, ba hayaƙi ko ɗaya a sararin Kirya. Matan da ke bakin dandali, waɗanda suka zo da kasake don ɗibar sabuwar wuta, suka fara kife su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Kacalla ya sunkuya ya tambayi Ciroma abin da ke faruwa.

Tunau ya ɗauki ƙwaryarsa ya ce: "Gaya masa, Ciroma, kai ɗan gari ne. Ka ce masa yau rana ta ɗaya ce ta kashe murhu. Ka kuma gaya masa abin da ake fara yi da baƙi."

Madawaki Nomau ya warware rawanin sarautarsa ya ajiye a gaban buzu, ya je ya karɓi gefe ɗaya na makara ya ɗora a kafaɗa. Aka wuce da Anaruwa gida, inda Ladingo ke jira da jaririn da za a raɗa wa suna gobe. Magajiya kuwa ta jawo tabarmarta, ta koma gindin turke ta zauna.